Hawan Sinkat da Kunnen Kaka

A tashar Jabait suka tashe shi daga barcin shekaru,
baƙin kan jirgi mai tukunya a ciki.
Suka goge masa tagulla, suka ɗiga masa mai a gaɓɓai,
suka ce yau kaɗai zai hau Sinkat ya dawo,
taragu uku, kujerun katako.

Na riƙo hannun kakana Tanimu.
Yana ta rufe masa ido tun bara waccan,
amma tun daga ƙofar tasha ya ɗaga hanci:
"Wutar nan ɗanya ce," in ji shi,
"wanda ya hura ta bai taɓa ƙona gira ba."

Shekara ashirin da bakwai yana ciyar da irin wannan baki,
shebur bayan shebur,
gumi na taruwa a takalmi.
Ubansa da ƙafa ya taho daga yamma, Makka a zuci,
kuɗin jirgin ruwa suka gaza,
ya ce bari ya taɓa aikin dogo kafin baɗi.
Baɗin nan ba ta iso ba har aka binne shi.

Usur ya tsaga safiya.
Awaki suka watse, mai shayi ta dafe murfin tukunyarta,
ƙarfe ya ja ƙarfe, tarago ya fizgi tarago,
muka tafi tinƙis-tinƙis
kamar tsohon da ya ƙi a riƙe masa sanda.

"Faɗa mini, Asabe. Me ke hagu?"
Na ce duwatsu, Kaka, masu launin gasasshiyar hanta,
wani ya jingina da wani kamar sun gaji da tsayuwa.
Na ce rafi busasshe, yashinsa fari ƙal,
da itacen ƙaya mai laima, raƙumi na tsinkar kansa.
Na ce ga wani saurayi, tsinken tsefe a sumarsa,
sanda a kafaɗa, hannaye biyu a rataye,
yana kallonmu kamar mu ne muka ɓace hanya.
Bukkokin tabarma uku. Jan mayafi a kan igiya.
"Akwai gada nan gaba," in ji shi.
Kafin in leƙa, ƙasa ta yi kogo a ƙarƙashinmu.

Mai jabana ya ratso, citta na gabansa.
Kaka ya karɓi ɗan kofi, bai kurɓa ba.
Ya karkata kai. Numfashin jirgi ya sauya,
daga haki ya koma nishi,
sai ƙafafun suka zame, suka yi ta juyi a banza,
tururi ya turnuƙe taga.
Mata suka fara salati.

Ya miƙe, tsohon da sai an ɗaga shi daga buzu,
ya tura kai waje cikin hayaƙi:
"Yashi! Ohaj, zuba mata yashi!
Sassauta, kada ka shaƙe ta!"
Ohaj direbansa ya daɗe a kushewa,
yaron da ke gaba ko sunan bai sani ba,
taragu biyu da iska na tsakaninsu.
Amma yashin ya zuba. Ƙarfe ya ciji ƙarfe.
Fuf. Fuf. Fuf-fuf.
Dutsen ya sake mu.

Kaka ya zauna, gahawa ta zube a rigarsa.
"Ya ji ni," in ji shi.
Ban ce komai ba.

A Sinkat iska ta yi sanyi, inuwa ta yi tsawo.
Na duba farin mayafina,
toka ta yi masa zane ɗigo-ɗigo kamar bayan zabuwa.
Na fara karkaɗewa, ya kama wuyan hannuna,
ya kai gefen mayafin hancinsa, ya daɗe.

Sannan ya ce in kai shi gaba,
yana da magana da yaron nan a kan wuta.